Kyamarori Bakwai da Suka Yi Kwantai a Shagona

A ƙarƙashin kantar shagona akwai wani kwali da ya shekara goma sha biyu a ajiye. Ƙananan kyamarori bakwai ne a cikinsa, sababbi fil, wasu ko ledar jikinsu ba a ɓare ba. Su ne ragowar guda arba'in da na saro a shekarar 2012, da kuɗin da fiye da rabinsu ba nawa ba ne. Na daɗe ba na son kowa ya taɓa kwalin nan, har yarona na shago ya san in yana shara sai dai ya zagaye shi.

Ni haifaffen Gangare ne, a nan cikin garin Jos. Mahaifina tela ne kuma ya so in gaje shi, amma Allah bai sa hannuna ya karɓi keken ɗinki ba. Da na gama sakandare a 1993 babu halin ci gaba da karatu, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin wani amininsa mai hoto, Bayarabe ɗan asalin Ogbomosho, amma a Jos aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ya yi mata numfashi. Shagonsa na bayan titin Ahmadu Bello. Baba muke ce masa. Mahaifina ya ce, "Ga ɗanka nan, ka koya masa abin da zai ci abinci da shi." Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min tsintsiya.

Sai da na yi wata shida ban taɓa kyamara ba. Shara, ɗebo ruwa, goge gilashin da ake manna hotunan talla, da kai fim wurin wanki. Hoto mai kala sai an kai leb, amma baƙi-da-fari Baba da kansa yake wankewa a wani ɗan ɗaki mai jan ƙwan lantarki. A ɗakin nan na fara ganin fuskar mutum tana bayyana a hankali a kan farar takarda cikin ruwan magani, ido ya fara fitowa, sai hanci, sai hula. Har gobe ina jin warin maganin nan, kuma tun daga ranar ban sake sha'awar wata sana'a ba.

Wanda bai yi zamanin fim ba ba zai gane nauyin da ke kan yatsan mai hoto ba. Fim ɗaya hoto 36 ne, kowace latsawa kuɗi ce, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai bayan kwana biyu ko uku. In amarya ta ƙifta ido, ta ƙifta ke nan, ba za a sake ɗaura auren saboda kai ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne mutum baƙi cikin farar shadda a tsakiyar rana, irin yadda ake fitowa daga Idi. In ka bar kyamara ta bi hasken rigar, sai fuskar ta fito kamar an shafa gawayi. Baba yakan ce min, "Yaro, fim ɗin nan ba a auna shi da fatarmu ba. Ka bi fuska, riga ta yi haƙuri." Na ɓata masa fim ba adadi kafin hannuna ya faɗa, bai taɓa cire ko kwabo daga kuɗin abincina ba. Allah Ya jiƙansa.

A 1998 ya yaye ni, ya ba ni wata tsohuwar Yashica da filasha ɗaya. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi albarka da na gani a sana'ar nan. Ranar Sallah da washegari a gidan zoo nake yini, wajen gidan tarihi. Yara cikin kayan Sallah, 'yan mata da lalle, samari da sababbin huluna, kowa na jan rigata, "Mai hoto, ni ma, ni ma!" Ina da ɗan littafi da nake rubuta suna da unguwa da kafin alƙalami, bayan kwana uku a zo a karɓa. Sanyin Jos na yanka hannu ina canza fim a inuwar bishiya don kada haske ya shiga. Cinikin Sallah ɗaya yakan biya min kuɗin hayar ɗaki na shekara. Ga suna, ga saukar Alƙur'ani, ga bikin rantsar da sababbin ɗalibai a Jami'ar Jos, ga hoton fasfo da ba ya yankewa, don duk takardar da mutum zai cike sai an manna mata hoto. Da wannan ƙananan kuɗin na yi aure a 2000, da su na yi wa mahaifina hidimar asibiti har Allah Ya karɓi abinsa.

Sai 2001 ta zo da abubuwa biyu. A watan Agusta wayar GSM ta shigo ƙasar nan, ban ko ɗaga kai na kalle ta ba, don layin ma sai mai hali, kuma wayar magana kawai take yi. Ranar 7 ga Satumba kuma rikici ya ɓarke a Jos. Ba zan buɗe wannan babin ba, duk ɗan garin nan yana da nasa tabon. Abin da ya shafi sana'ata shi ne unguwannin da nake zuwa ɗaukar bikin coci suka fara yi min nisa, Baba kuma ya tattara ya koma garinsu na asali. A watan Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone. Ina da rabin shago a ciki tare da wani mai sayar da alabam da firam, a nan nake ajiye nagatif ɗina na shekara huɗu, wato fim ɗin da aka wanke wanda ake buga hoto daga shi, kowane a ambulan da sunan mai shi. Ko ɗaya ban fitar ba. Allah Ya sa kyamarar tana rataye a wuyana na tafi da ita gida a daren.

Na farfaɗo a hankali, na kama ɗan shago a titin Bauchi. Wajen 2006 na sayi kyamarata ta farko mai memori, wata ƙaramar Canon. Ranar da na ɗauki hoto na juya na gan shi nan take a bayanta, sai da na zauna. Babu sayen fim, babu zullumin kwana uku, in ido ya rufe a goge a sake. Mutane suka fara tambayata ina ake samun irinta. Alhazai na dawowa da ita daga Makka, ɗaliban jami'a na so, ma'aikata na so, har a kayan lefe na ga an sa. Na ce to, tunda ni ake tambaya, me zai hana in riƙa kawowa? Na fara da biyar daga Legas, suka ƙare cikin sati biyu. Daga 2008 zuwa 2011 abin da nake samu a sayar da kyamara da memori da batir ya fi abin da nake samu a ɗaukar hoto. Wayoyin da ke da kyamara a lokacin kuwa, hotonsu dishi-dishi kamar an ɗauka cikin hazon Disamba, ba wanda ke kawo shi a wanke.

A farkon 2012 na ji labarin kamfanin Kodak ya durƙushe, ya je kotu a Amurka yana neman kariya daga masu bin sa bashi. Kodak fa, wanda rawayan kwalinsa ya raine mu. Daga baya na ji cewa wani injiniyansu ne ma, Steven Sasson, ya fara haɗa kyamarar da ba ta amfani da fim tun 1975. Ni dai abin da na fahimta daga labarin shi ne fim ya mutu, saura zamanin kyamara mai memori, kuma wanda ya riga cika shagonsa shi zai ci kasuwa. Ban san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe ba. Na kwashe adashina, na ranci kuɗi wurin wani ɗan kasuwa da muke sallah masallaci ɗaya, na hau motar dare zuwa Legas, na dawo da guda arba'in, Canon da Sony da Nikon da Samsung.

Watan farko na sayar da shida. Na biyu uku. Daga nan sai shiru.

Wata ɗaliba ce ta fara buɗe min ido, wadda ta saba sayen memori a wurina. Ta shigo wanke hoton fasfo, na ciro mata wata ja mai kyau na ce zan rage mata kuɗi. Ta juya ta a hannu, ta yaba, ta mayar kan kanta. Ta ce, "Malam, tana da kyau wallahi. Amma in na ɗauka da ita sai na nemi kwamfuta, na zare memori, na je kafe, kafin in ɗora a Facebook. Wannan kuwa," ta ɗaga BlackBerry ɗinta, "kafin in bar wurin biki ƙawayena sun gani." Na ce mata ai hoton waya bai kai na kyamara kyau ba. Ta ce, "Haka ne, amma ya isa."

Kalmar nan, ya isa, ita ta karya ni. Na yi shekaru ina tunaninta. Mu masu hoto mun ɗauka kyau mutane suke saye. Ashe yawancinsu abin da suke so shi ne a gan su, yanzu, kuma abin ɗaukar ya kasance a aljihu lokacin da yaro ya yi takun farko. Ba wanda ke fita gida da kyamara kullum, amma ba wanda ke fita ba waya.

Akwai kuma dalili na cikin ƙarfen, wanda sai daga baya na gane shi sosai. A cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti da haske ke sauka a kai, wanda ya maye gurbin fim, sensa muke ce masa. Na babbar kyamara ta ƙwararru girmansa milimita 36 ne da 24, daidai da gidan hoto ɗaya a fim. Na ƙananan kyamarorin da na saro kuwa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, wato tazararsa da na waya ba ta da yawa. Abin da suka fi waya da shi ɗan zuƙowa ne da filasha. Waya kuma kwamfuta ce, kowace shekara ƙwaƙwalwarta na ƙaruwa. Ta yau in ka latsa sau ɗaya, hotuna da dama take ɗauka cikin ƙiftawar ido ta haɗe su, ta ɗauko hasken wannan da inuwar wancan. Da wayoyin Tecno da Infinix da itel suka cika kasuwa, waɗanda duk na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, Transsion, sai ga shi sun zauna sun gyara kyamararsu musamman don baƙar fata. Ranar da wani yaro ya nuna min hoton babansa da farar babbar riga a filin Idi, fuska tas, riga tas, na tuna fina-finan da na ɓata wa Baba. Abin da na shekara biyu ina koyo, ga shi an zuba a wayar da ɗan acaɓa zai iya saye.

Ɗana na fari ne ya nemo min lissafin a intanet bayan shekaru, don ya ga har lokacin ina zargin kaina. Ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, CIPA, tana fitar da adadin kyamarorin da mambobinta suka tura kasuwa duk shekara. A 2010 sun haura miliyan 120. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Kuma mafi yawan abin da ya zube irin ƙananan nan ne. Casio ya daina yin su a 2018, Olympus ya sanar da sayar da sashen kyamararsa a 2020, Samsung kuwa ya bar harkar ya riƙe waya. Ya ce, "Abba, ka ga ba kai kaɗai ba ne." Na ji sanyi kaɗan, amma su waɗannan ba su haɗuwa da mai bin su bashi a sahun Asuba.

Mutumin bai taɓa ɗaga min murya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Mu gaisa, ya tambayi iyali, in sunkuyar da kai. Na karyar da kyamarorin ƙasa da yadda na saro, na bi makarantu da ofisoshi ina talla, na samu na rabu da talatin da uku cikin shekara biyu. A daidai lokacin ɗaukar hoton ma ya fara ja da baya. Sallar 2014 na je gidan zoo kamar kullum, na yini ina kallon yara suna ɗaukar junansu, suna miƙa hannu suna selfi. Wata yarinya ta zo wurina da gudu, na gyara kyamara, sai ta miƙo min wayarta ta ce, "Baba, don Allah ɗauke mu." Na ɗauke su. Na gyara musu tsayuwa ma, na juya su rana ta daina dukan idonsu. Na koma gida da cinikin da bai kai kuɗin cefane ba. Hoton fasfo shi ma ya ragu, don wurare da yawa, daga rajistar zaɓe har katin ɗan ƙasa, a nan take suke ɗaukar mutum da na'urarsu.

A daren nan uwargida ta same ni zaune a tsakar gida. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin ɗankwali ta ajiye a cinyata. Sarƙa ce da 'yan kunne na gwal da mahaifiyarta ta bar mata. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce, "Malam, ka biya bawan Allah nan kuɗinsa ka samu ka ɗaga kai a masallaci. Abin da ya rage ka sayi irin kyamarar da waya ba za ta iya aikinta ba. Na ga masu ɗaukar dina ba su rasa aiki ba." Ita da ba ta taɓa riƙe kyamara ba ta hango abin da ni ban hango ba.

Na biya bashin. Na sayi Canon 6D ta hannu da gilashin gaba ɗaya mai buɗewa sosai ya shigo da haske, na koma ɗalibi ina da shekara kusan arba'in. Wani matashi da ya yi karatu a makarantar koyon fim ta nan Jos ya koya min gyaran hoto a kwamfuta, ni kuma na koya masa yadda ake tsayar da dattawa a hoton ɗaurin aure ba tare da an ɓata wa kowa rai ba, wane ne a tsakiya, wane ne ba a ce masa ya matsa. A cikin zauren biki mai ƙarancin haske, ko in amarya na shigowa daga nesa ana liƙi ana rawa, ko in ana son hoton da za a buga ya cika bango, a nan babbar kyamara take nuna kanta. Kamu, dina, walima, hotunan kafin aure a duwatsun Shere ko wajen Rayfield, su suka riƙe ni har yau. Aikin ya ragu a yawa, ya ƙaru a kuɗi. Ko a wurin bikin ma sai na yi ta roƙon 'yan uwan amarya su sauke wayoyinsu daga gabana, kuma kafin in kai gida an fara kira, "A turo mana ko biyar ta WhatsApp."

Ba na ƙin waya, kuma ba zan yarda a ce ta zo da sharri kawai ba. Mahaifiyata ta rayu shekara sittin da wani abu, hotonta biyu ne a duniya, ɗaya na fasfon Hajji. Matan kulle irinta ba sa zuwa shagon namiji a ɗauke su, mu ma ba a shigar da mu cikin gida sai da babban dalili. Yau babu tsohuwar da jikokinta ba su cika waya da hotonta ba, tana dariya, tana tsefe kai, tana jan carbi. Wannan alheri ne da ni da Yashica ɗina ba mu taɓa iya kaiwa cikin gidajen ba.

Abin da ke damuna biyu ne, kuma suna damuna ƙwarai. Na farko, ƙaramin aiki ya mutu, kuma a ƙaramin aiki ake koyon sana'a. Ni da tsohuwar kyamara ɗaya da hoton Sallah na zama mutum. Yaron da zai fara yau ba shi da wannan tsanin. Kamfanonin sun koma yin kyamarori masu tsada don ƙwararru, tun ma da Canon da Nikon suka fito da manyan nasu sabon samfuri, marasa madubin ciki, a 2018. Bayan an saki naira a tsakiyar 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, sabuwar kyamara ta aiki da gilashinta ta koma miliyoyin naira. Yaran da ke zuwa wurina koyo hayar kyamara suke yi na kwana ɗaya in sun samu biki, rabin kuɗin ya tafi can. Ɗan tela daga Gangare ba zai iya shiga ta ƙofar da na shiga ba.

Na biyu, hoto ya daina sauka a takarda. Wani saurayi ya zo min yana hawaye, an fizge masa waya a cikin Keke Napep wata biyu bayan rasuwar mahaifinsa, duk hotunan tsohon suna ciki, bai ajiye su ko'ina ba. Ya ji an ce ni na ɗauki bikin yayarsa, ko Allah Ya sa akwai babansa a ciki. Muka kwana biyu muna bincike a kwamfuta, muka samu guda huɗu. Na buga masa su, na sa ɗaya a firam, ban karɓi kuɗinsa ba. Lokacin da wuta ta cinye nagatif ɗina a Terminus na yi kuka, amma duk wanda na ɗauka yana da nasa hoton a gida, a alabam ko a bango ko a ƙasan akwati. Shi wannan yaron komai nasa a aljihu ɗaya yake.

A ƙarshen 2024 'yata da ke karatu a Jami'ar Jos ta zo shago da ƙawayenta biyu. Ta ce, "Abba, wai har yanzu kana da ƙananan kyamarorin nan na da?" Na tambaye ta me za ta yi da su ga waya a hannunta. Ta ce yanzu su ake yayi, 'yan mata a TikTok su suke nema, wai hoton waya ya cika gyaruwa, kowa fuskarsa sumul iri ɗaya, su kuwa waɗannan da filashar nan tasu suna fito da mutum yadda yake. Ɗaya ƙawar ta ce ta nema a Abuja an faɗa mata kuɗin da ya ba ta tsoro.

Na durƙusa na jawo kwalin, na hure ƙurar da ke kansa. Huɗu batirinsu ya kumbura. Uku kuwa Canon ne masu cin batir irin na rimot, na aiki yaro ya sayo. Na zura, na danna, gilashin ya turo kai waje da ɗan kukan nan nasa da na manta, allon bayanta ya kawo haske tana neman a sa mata kwanan wata. Ƙawayen suka sayi biyu, ba su nemi ragi ba. Ta ukun na ce wa 'yata tata ce, amma da sharaɗin hoton farko ni zan ɗauka.

Da yamma na tafi da ita gida. Uwargida na zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, 'yan kunnen roba a kunnenta. Na ce ta ɗago. Ta ga abin da ke hannuna, ta gane shi, ta ce, "Malam, a haka? Bari in sa mayafi." Na jira ta sa, na matsar da ita inda hasken la'asar ke sauka a gefen fuskarta, na latsa. Washegari na buga shi babba, na rataye a falo kusa da hoton fasfon mahaifiyata.